'Yar Tsanar Kara

'Ya'yana, ku nemi ƙaramar yarinya mai 'yar tsana, ku ce ta ba ku ita za ku sayo mata sabuwa fil daga kanti. Za ku ga ta ƙanƙame tsohuwar, ta fashe da kuka. Ku dubi kuma abin da take yi wa kukan: hannu ɗaya ya cire, fuska ta yi baƙi da dauɗa, rigar ma tsumma ce.

Mu a zamaninmu ba mu san ta roba ba. Bayan girbin dawa ake yanko kara, a yi mata gashi da zare, a ɗaura mata ƙyallen da tela ya zubar. Tawa kakata ce ta haɗa mini. Da ɗankwali nake goya ta, in na ci tuwo in shafa mata a baki, in hunturu ya yi tsanani in rufa ta da zanena. Ba ta taɓa ɗebo mini ruwa ba, ko anini kuwa ba za ta yi a kasuwa ba. Duk darajarta daga wurina ta fito, don tawa ce.

Na kawo wannan zance ne saboda abin da nake gani yana damuna. Wani ya faɗi jarrabawar JAMB, kunya ta hana shi zuwa sujada. Wata ta yi ciki ba aure, ta daina bin ko hanyar majami'a. Wani shaye-shaye ya kama shi, yana cewa sai ya gyara halinsa tukuna zai dawo wurin Ubangiji. Kun ɗauka ƙaunar Allah albashi ce, sai wanda ya yi aiki ake biya.

Ba haka Manzo Bulus ya koyar ba. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 5 aya 8, ya nuna cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna cikin zunubi, ba bayan mun shiryu ba. Wanda ya rubuta wannan kuwa, shi ne dā yake jan masu bi zuwa kurkuku.

Ku sake karanta Luka sura 15 a natse. Ɗan nan da ya cinye gādonsa ya shirya maganar da zai faɗa tun a hanya, har da roƙon a ɗauke shi kamar ɗan ƙodago. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa a guje, dattijo guda, ya rungume shi. Yaron bai ma kai ga zancen ƙodagon ba aka aika a kawo riga da zobe da takalma. Da ƙazantar kiwon aladu a jikinsa aka rungume shi, daga baya ne aka sa masa rigar.

Sai dai misalina yana da iyaka. Ni na girma na manta da 'yar tsanata, gara ta cinye ta a bayan rumbu. Ubangiji kuwa ya faɗa ta bakin Annabi Ishaya, a sura 49, cewa ko uwa za ta iya mantawa da jaririn da take shayarwa, shi ba zai manta da nasa ba. Ita 'yar tsana kuma ba ta taɓa saɓa mini ba, mu kuwa kullum muna saɓa masa.

Kada wani ya ce tunda haka ne bari ya ci gaba da ɓarna. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, amma a bakin Tekun Galili da aka karɓe shi, aiki aka danƙa masa: kiwon tumakin Ubangiji.

Ranar Lahadin nan ku zo yadda kuke. Ku da ba ku fasa zuwa ba, kun san kujerar wa ta daɗe babu kowa a kanta. Ku biya ta gidansu da sassafe, ku yi sallama, ku jira shi ya shirya, ku taho tare.