Darasin Faransanci: Kuɗi a Kasuwar Ƙonni

Ɗan'uwa, in ka tashi daga Shagari ko Bodinga, ka bi ta Sakkwato da Illela har Birnin Ƙonni, Hausa za ka ji. Amma rasit da takardun kwastan, da Faransanci a kan rubuta su. Sai ka riƙe waɗannan:

Combien (kwambiyan): nawa?
Cinq (sank): biyar.
Cent (san): ɗari.
Mille (mil): dubu.

Ka lura ƙwarai. A can sefa 5 ita ce dala ɗaya. In an rubuta 100 F, mai kaya zai ce dala ashirin. In ya ce ɗari, 500 F ke nan. Wanda bai sani ba ya kan zargi mai gaskiya da cuta.

Aiki: 1000 F dala nawa ce?