Gyaran Tsarin Mulki da Dokar Zaɓe: Dalilin da Ya Sa Sai Jam'iyyu Sun Zauna Tare

Tsarin Mulki shi ne uwar dokokin ƙasa. Dokar Zaɓe kuwa ita ce take faɗin yadda za a jefa ƙuri'a, da yadda za a ƙidaya ta, da inda wanda bai yarda da sakamako ba zai kai ƙara. Waɗannan dokoki biyu su ne ƙa'idodin da 'yan siyasa suke yin takara a kansu, saboda haka tilas mai mulki da ɗan hamayya su amince da su tun kafin ranar zaɓe. In ɓangare ɗaya ya zauna shi kaɗai ya tsara su, to, ko an yi gaskiya a wurin ƙidaya, wanda ya faɗi ba zai yarda ba.

Yadda ake gyara Tsarin Mulki

Sashe na 9 na Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa hanyar gyara. Da farko sai kashi biyu bisa uku na dukan 'yan Majalisar Dattijai sun yarda, watau 73 daga cikin 109, haka kuma kashi biyu bisa uku na Majalisar Wakilai, watau 240 daga cikin 360. Daga nan sai a aika wa Majalisun Dokoki na jihohi, a sami amincewar 24 daga cikin 36, kana a kai wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu. In gyaran ya taɓa babin haƙƙoƙin ɗan Adam, ko sashen ƙirƙiro sababbin jihohi, ko shi kansa sashe na 9, sai an sami kashi huɗu bisa biyar a Majalisun Tarayya biyu. Da gangan aka tsananta hanyar. Da wuya jam'iyya ɗaya ko yanki ɗaya ya tara wannan adadi, don haka dole mai rinjaye ya nemi abokin hamayyarsa. Dokar Zaɓe ita kuwa doka ce ta Majalisar Tarayya, rinjaye ya isa a gyara ta, amma ba ta da ikon saɓa wa Tsarin Mulki.

Abin da tarihi ya nuna

Da shawara aka kai ga mulkin kai. A tarurrukan Landan na 1953 da 1957 da 1958, da na Ikko a 1954, shugabannin NPC da NCNC da AG da NEPU sun zauna wuri ɗaya, ga kuwa saɓani mai tsanani a tsakaninsu, har suka daidaita a kan tsarin tarayya da ranar 1 ga Oktoba, 1960. Amma da aka daina sauraron juna, sai ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa zaɓen tarayya na Disamba 1964 a wurare da dama, zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 ya ƙare da tarzoma, soja suka karɓi mulki ran 15 ga Janairu, 1966. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maƙwabtanmu na Gana sun ɗauki wata hanya. Bayan 'yan hamayya sun ƙaurace wa zaɓen majalisa na 1992, sai hukumar zaɓen ƙasar ta kafa kwamitin shawara na jam'iyyu a 1994. A can aka daidaita a kan sabuwar rajistar masu zaɓe, da akwatin ƙuri'a wanda ake ganin cikinsa, da zaman wakilan jam'iyyu a rumfuna. A zaɓen 1996 'yan hamayya suka dawo fage.

Gyare-gyaren da aka samu tun 1999

Ran da aka rantsar da shi a 2007, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ya kafa kwamitin mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai, Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2008. Gyaran 2010 ya ɗauki wasu shawarwarin: aka sa kuɗin Hukumar Zaɓe su riƙa fitowa kai tsaye daga asusun tarayya, aka kuma ba kotun ƙarar zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Amma shawarar a ce Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ce za ta tace wanda zai shugabanci Hukumar ba ta sami shiga ba.

A 2018, bayan matasa sun daɗe suna bin 'yan majalisa na jam'iyyu daban daban, aka rage shekarun takarar Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da Majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. A Disamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a sabuwar Dokar Zaɓe saboda ta tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe kaɗai. Majalisa ta sake zama, ta ƙara hanyar wakilai da ta masalaha, aka sa hannu ran 25 ga Fabrairu, 2022. Dokar ta ba da hurumin amfani da na'ura wajen tantance mai zaɓe.

Ba kullum ne shawara take zama doka ba, amma duk da haka tana da amfani. Ran 14 ga Janairu, 2015, 'yan takarar Shugaban Ƙasa suka sa hannu a Yarjejeniyar Abuja ta zaman lafiya, aka kuma kafa kwamitin sulhu a ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar. Shugaba Goodluck Jonathan ya amince da faɗuwarsa tun kafin a gama shelar sakamako.

Inda aka yi tuntuɓe

A 2006 an haɗa gyare-gyare fiye da ɗari cikin ƙuduri ɗaya, har da na ba Shugaban Ƙasa da gwamnoni damar zarcewa karo na uku. Majalisar Dattijai ta yi watsi da ƙudurin ran 16 ga Mayu, masu amfani suka tafi tare da wanda ake rigima a kansa. A gyare-gyaren baya bayan nan an koma rarraba su, kowane batu da ƙudurinsa. Taron Ƙasa na 2014, mai wakilai 492 a ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, ya ba da ɗaruruwan shawarwari, amma taro ba shi da ikon gyara Tsarin Mulki, ga shi kuma ya ƙare zaɓe yana ƙaratowa, sai rahoton ya tsaya a takarda.

Darussa uku ke nan. A fara shawara da wuri, kafin kowa ya san wanda gyaran zai amfana a zaɓe mai zuwa. Kada a cusa bukatar mai riƙe da mulki a cikin gyaran. A kuma tabbata abin da aka daidaita a kai ya bi ta Majalisa, domin ita ce mai ikon mai da shi doka.

Aikin ɗan ƙasa

Kwamitocin gyaran Tsarin Mulki sukan zaga shiyyoyi shida na ƙasar nan don jin ra'ayin jama'a, kuma kowace ƙungiya, ta manoma ce ko ta 'yan kasuwa, ta mata ko ta malamai, tana da ikon miƙa takardar shawara. Ka san sunan wakilinka na Majalisar jiha, domin ƙuri'arsa tana cikin abin da zai sa jiharku ta shiga cikin 24 ɗin nan ko ta fita. Ka tambaye shi yadda ya jefa ta. In ka ji an kawo wata shawara, ka auna ta da wannan tambaya: da jam'iyyar da ba ka so ce take kan mulki, za ka yarda a ba ta wannan iko? In za ka yarda, shawarar ta cancanci goyon bayanka. In ba za ka yarda ba, ka faɗa wa wakilinka tun kafin ranar ƙuri'a.