Ƙarar Gaban Mota a Kan Kwana: Yadda Ake Gane Tushenta

Maganar kimiyya ta wannan mako a kan mota take, watau ƙarar nan da direba kan ji daga gaba in ya karya kwana.

A birnin Greensboro, cikin Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, akwai wata tsohuwar unguwa ana ce da ita Irving Park, wadda aka tsara fiye da shekara 100 da suka wuce a kewayen filin wasan golf. Titunanta ba miƙaƙƙu ba ne, sun yi ta lanƙwasa suna bin tudu da gangare. Motar da ke da lahani a gaba ba ta iya ɓoye shi a irin wannan wuri, gama kowace kwana tana mayar da nauyin mota a kan ƙafa guda, sassan da suka saki su ƙwanƙwasa juna. Dokar jihar kuwa ta tilasta a kai yawancin motoci a duba lafiyarsu shekara shekara, har da sitiyari. Direban Kano ko na Maraɗi yana tuƙa irin waɗannan motoci ne, ga ramuka, ga ƙurar hunturu, saboda haka tilas kunnensa ya zama likitansa na fari.

Ƙafar gaba ta mota tana aiki uku a lokaci guda: tana gungurawa, tana juyawa dama da hagu, tana kuma hawa da sauka bisa ga hanya. Domin haka aka yi mata gaɓoɓi kamar na jikin mutum, aka cika su da giris, aka rufe da roba. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In robar ta yage, giris ya fita, yashi da ruwa su shiga su ci ƙarfe, gaɓa ta yi sako-sako. Wannan sako-sakon shi ne tushen ƙarar. Kowace gaɓa kuwa da muryarta, da kuma lokacin da take magana.

Kafin kome, sai a ɗauki sifana a gwada notunan taya. Sau da yawa noti ne ya kwance, aikin minti 5 ke nan, ba a kashe ko kwabo ba.

In notuna lafiya lau, sai a nemi fili wanda babu jama'a, a sauke gilashi, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a yi ta kewaya a hankali ana ɗan taka totur. Sa'an nan a juya ɗaya gefen, a kuma gwada da ribas. In an ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, tana ƙara sauri yadda mota ke ƙara gudu, to, kan shaf ne, watau gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga taya ko da tana karkace. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa shi ya ƙago irinta tun kafin 1930: ƙwallayen ƙarfe 6 ne cikin keji, kowanne yana gudu cikin kwarinsa. Ta bazu a duniya bayan fitowar ƙaramar motar Mini a Ingila cikin 1959. Shaidarta ita ce baƙin giris da ya fantsama a bayan taya. Amma a lura, wannan ciwon motocin da ke ja da ƙafafun gaba ne, kamar Golf da yawancin Corolla. Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, da ƙafafun baya take turawa, ba ta da shaf a gaba. Wanda ya ce wa mai 504 shaf ɗin gabansa ya mutu, aljihunsa yake nema.

Gwaji na biyu a tsaye ake yinsa. Mutum ɗaya ya zauna ya riƙa murɗa sitiyari dama da hagu, na biyu ya ɗora tafin hannu a kan sifirin daga waje, ba tare da ya cusa yatsu a ciki ba. In sifirin yana maƙalewa sa'an nan ya zabura da ƙara, to, boris ɗin da ke kan shokozoba ne ya bushe. Wannan tsari, inda shokozoba da sifirin ke juyawa tare da taya, aikin Earle MacPherson ne, ya kuma yi suna da motar Ford Consul ta 1950.

In kuwa ƙarar ɗaya ce tak, ƙwam, lokacin da ƙafa guda ta hau tudu ko ta faɗa rami cikin kwana, sai a tuhumi 'yan sandunan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke hana mota karkata, ko kuwa bushin da ya tsattsage. Waɗannan suna da arha, haɗarinsu kuma kaɗan ne.

Gwaji na uku shi ne mafi muhimmanci. A ja burkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a ɗaga gaba da jak, a tokare motar da abu mai ƙarfi. Kada wani ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yanzu sai a ɗauki taya kamar fuskar agogo ce. A kama ta a ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a girgiza: in ta yi wasa, kan tayarod ne, watau sandar da ke kai umurnin sitiyari ga taya. A kama ta kuma a ƙarfe 12 da ƙarfe 6: in ta yi wasa, ko boris ɗin taya ne ko boljoyin. Domin a raba gardama, wani ya taka burki a sāke girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne. In yana nan, boljoyin ne.

A nan ne magana ta zama ta rai. Boljoyin dunƙulen ƙarfe ne cikin ƙoƙo, kamar yadda ƙashin cinya ke zaune cikin ƙugu. In ya cinye, ramin hanya guda ya isa ya fizge shi daga ƙoƙon, taya ta kwanta, sitiyari ya zama banza a hannun direba. A cikin unguwa, abin ya tsaya ga asarar kuɗi. A hanyar Kano zuwa Zariya, da mota cike da fasinja, sai dai Allah ya kiyaye. Saboda haka motar da aka sami wasa a boljoyin ko tayarod ɗinta, gareji kaɗai ya kamata ta nufa, a hankali. Bayan an sāke su kuma, lalle a daidaita saitin tayoyi, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe guda.

Ga tsarin a taƙaice: a saurara tukuna, sa'an nan a girgiza, saye shi ne na ƙarshe. Mai motar da ya iya gaya wa makaniki irin ƙarar, da gefen da take fitowa, da lokacin da take zuwa, ya rage masa rabin aiki, ya kuma tsare kansa daga sayen kayan da ba ya bukata a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. A huta lafiya.