Muhammadu Bawa Ɗan'anace: Jagoran Makaɗan Maza

An haifi Muhammadu Bawa a 'Yartsakkuwa cikin ƙasar Gandi, Ƙaramar Hukumar Rabah ta Jihar Sakkwato. Ya koyi kiɗa wajen kawunsa Anace, wanda daga gare shi ne ya sami laƙabinsa. Ya shahara a waƙoƙin dambe da na noma, musamman waɗanda ya yi wa Shago da Ɗandunawa.

A matsayinsa na jagora, shi ke ƙulla ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓa, masu kalangu su bi muryarsa. Da zarar ya zuga ɗan dambe, janyewa ta zama abin kunya. Ya rasu a 1986.

Aiki: Bayyana rawar da jagora ke takawa a ƙungiyar makaɗan baka.