Ɗana, Ka Shirya Layinka Tun Kana Gida

Ɗana, na ga biza ta fito, na kuma ga yadda ka duƙufa kan lissafin kuɗin kaya da na dako da na masauki. Madalla, haka ake so. Amma jiya da na tambaye ka da wane layi za ka yi magana idan ka sauka Guangzhou, sai ka ce ai wannan ƙaramin abu ne, idan ka isa ka nema. Ban ce maka komai ba a lokacin saboda akwai mutane a shago. Shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan, ka karanta a natse.

Tafiyata ta farko ƙasar Sin da dare muka sauka. Wanda zai tarbe ni yana wata ƙofa, ni ina wata, wayata kuwa ba sabis ko ɗigo. Ga mutane cike da fili, amma ba wanda nake jin bakinsa. Na fi awa uku a tsaye da jakata kafin Allah ya haɗa mu. Wahalar tsayuwar ba ta dame ni ba kamar abin da na ji bayan na dawo, cewa mahaifiyarka ba ta runtsa ba a wannan dare. Ku yanzu Allah ya sauƙaƙa muku, don akwai abin da ake kira eSIM, kuma zan so ka yi amfani da shi da hankali.

Shi eSIM layi ne kamar kowane layi, sai dai babu ɗan katin da ake zurawa a waya. An riga an dasa gurbinsa a cikin wayar tun daga masana'anta. Ka sayi data ta intanet, su aiko maka da ɗan hoton nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, ka haska shi da kyamara, layi ya zauna. Ko a nan gida MTN ta fara bayar da shi tun 2020. Amma ba kowace waya ke ɗauka ba, don haka da wayarka za ka fara. Danna *#06#. Idan ka ga wata doguwar lamba mai suna EID ta fito tare da sauran, to wayarka tana ɗauka. iPhone ta fara ɗauka daga XS da XR na 2018, manyan Samsung da Pixel ma suna ɗauka, yawancin Tecno da Infinix da itel da muka saba riƙewa kuwa ba sa ɗauka. Akwai kuma tarko biyu ga mai sayen waya ta hannu a Farm Centre. Yawancin iPhone da aka yi don kasuwar Sin sim biyu na zurawa gare su, ba su da eSIM. Wasu kuma da suka fito daga Amurka a kulle suke da kamfanin da ya sayar da su, ba sa karɓar layin kowa. Ka kai wa mai gyara ya duba maka wannan makon, kada ka bari sai daren tafiya.

Abin da ya fi damuna game da Sin shi ne wannan: a layukan ƙasar da Wi-Fi na otal-otal ɗinta, WhatsApp ba ya aiki, haka Facebook da Instagram da YouTube da Gmail da sauran kayan Google. Gwamnatinsu ce ta toshe, kuma ƙasarsu ce, ba ruwanka da jayayya a kai. Kai kuwa duk cinikinka a WhatsApp yake. Ta nan za ka nuna wa abokan ciniki na Kantin Kwari kalar yadi, ta nan za su ce maka ƙaro ko rage, ta nan 'yan gida za su ji muryarka. Amfanin eSIM na matafiya shi ne layin na wata ƙasa ne, romin kawai yake yi a Sin. Turakun sadarwar Sin ne ke ɗauke da kai, amma datar tana fita ne ta ƙasar da layin ya fito, sau da yawa Hong Kong ko Singafo, don haka WhatsApp sai ya buɗe kamar kana Kano. Kada dai ka ɗauka kowanne haka yake. Ka karanta bayanin mai sayarwa har sai ka ga inda ya rubuta ƙarara cewa WhatsApp da Google suna aiki a kansa a cikin Sin. Idan bai rubuta ba, ka tambaye shi. Idan ya yi ta kewaye-kewaye, ka wuce gaba. Kuma ka riƙe wannan: da zarar wayarka ta hau Wi-Fi na otal, ka koma cikin katangar toshewar nan. Da yawa sun yi ta zargin layinsu ya lalace, alhali kashe Wi-Fi kawai ya kamata su yi.

Sai maganar faɗin ƙasa. Ku matasa idan kun buɗe shafin masu sayar da data, idonku kan farashi da yawan giga yake fara sauka. Ni kuwa tambayar da nake fara yi ita ce, a kan turakun wa zan hau? Mai sayar maka da eSIM ba shi da turke ko ɗaya a Sin, haya yake yi daga manyan kamfanoninsu uku, wato China Mobile da China Unicom da China Telecom. Sin ta ninka Nijeriya kusan sau goma a faɗi. Idan iyakarka cikin Guangzhou ne, wato Xiaobei da Sanyuanli da kasuwar yadi ta Zhongda, kowanne ka samu zai wadatar da kai. Amma ka gaya mini za ka je Yiwu, tafiyar da ta zarce Kano zuwa Legas, kuma kana son leƙa Keqiao wajen masu yadi. Jirgin ƙasansu mai gudun kilomita 300 a awa yana ratsa duwatsu da ramuka, masana'antu da yawa kuma suna can bayan gari. A irin wannan tafiya ka zaɓi layin da zai iya sauyawa tsakanin kamfani biyu, ko da ya ɗan fi tsada. China Mobile ce ta fi kowa yawan masu amfani da layi, kuma ita aka fi yaba wa a ƙauyuka. Bambancin kuɗin bai kai kuɗin tasi ɗaya ba, amma araha ba ta ado ranar da ka tsaya a ƙofar masana'anta kana neman mai fassara ba ka same shi ba.

Ka kuma duba sunayen wuraren da aka lissafa. A harkar layi, Hong Kong da Macau daban suke da sauran Sin. Idan jirginka zai yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Alƙahira, datar Sin ba za ta yi maka aiki a can ba, Wi-Fi na filin jirgi za ka nema.

Game da yawan data, kada ka yi ƙiyasi da ka. Shiga saitin wayarka ka ga nawa ka ci a watan jiya, sannan ka ƙara, domin a can komai da waya ake yi. Da Alipay ko WeChat za ka biya kuɗin abinci da na ruwa, da Didi za ka kira mota, da manhajar fassara za ka yi ciniki, kuma kiran bidiyo daga shago zuwa shago shi ne mai cin data da gaske. Layin da aka rubuta masa “mara iyaka” ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasansa. Yawanci akwai adadin da idan ka cinye a yini sai a rage maka gudu, har hoto ɗaya ya gagara tafiya. Ni na fi natsuwa da wanda aka faɗa mini adadinsa a fili, kuma ana iya ƙara masa idan ya ƙare ba sai an sake sabon layi ba. Kwanaki kuma ka sayi fiye da na tikitinka. Ban taɓa zuwa Sin na gama a ranar da na tsara ba: ko kaya ba su fito daga masana'anta ba, ko ba a gama loda kwantena ba. Tunda tafiyarka ta faɗo lokacin baje kolin Canton na watan Oktoba, garin zai cika, komai zai ɗauki lokaci. Ka tambaya kuma yaushe kwanakin ke fara ƙirguwa, ranar da ka saya ne ko ranar da layin ya fara kama sabis a can.

Layinka na gida kada ka cire shi. Irin wannan eSIM data ce zalla, ba ya zuwa da lambar kira, kuma bankinka a lambarka ta Nijeriya zai turo maka lambar sirri idan za ka biya kuɗi. Ka tabbatar romin a buɗe yake a kansa don saƙo ya riƙa shigowa, amma ka kashe masa data, in ba haka ba zai cinye katin da ke ciki kafin ka fita daga filin jirgi. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka, kada ka sauya ta. Idan zamanka ya yi tsawo har ka ga kana buƙatar lambar Sin, saboda direbobi da masu kawo kaya sun fi son su kira, ka je ofishin kamfanin da fasfonka a yi maka rajista da sunanka. Kada ka karɓi layin da wani ya miƙo maka a bakin titi, domin ba ka san da sunan wa aka yi shi ba, ba ka kuma san abin da aka aikata da shi ba.

Sayen eSIM da saka shi a nan gida za ka gama su, kwana biyu ko uku kafin tafiya. Saka eSIM yana buƙatar intanet, kuma kana iya isa can ka tarar shafin mai sayarwar ba ya buɗewa. Ka ajiye hoton QR ɗin a waya, ka kuma buga shi a takarda ka haɗa da fasfo. Idan ya ƙi kama sabis da ka sauka, ka duba ko ka kunna masa romin, sannan ka kashe wayar ka kunna. Kome ya faru kada ka goge shi, domin yawancinsu sau ɗaya ake sakawa. Adireshin masaukinka da rubutun Sinanci da lambar wanda zai tarbe ka su ma su kasance a takarda cikin aljihunka, batir yana mutuwa.

Agogonsu yana gaban namu da awa 7. Ko ƙarfe nawa ne a nan, da ƙafarka ta taka filin jirgin Baiyun na Guangzhou, kafin ka nemi jaka, kafin ka kira abokan ciniki, ka kira mahaifiyarka ta ji muryarka. Allah ya kai ka lafiya, ya sa albarka a cinikin, ya dawo mana da kai lafiya.