Sauya Sheƙa a Siyasa: Darasi Daga Kano ta 1983

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu ɗaukar darasin Gwamnati, akwai wata magana da kuke yawan ji a rediyo duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, wato "wane ya sauya sheƙa". Asalin maganar daga tsuntsu ne da ya bar sheƙarsa ya koma wata. A siyasa kuwa, ana nufin ɗan siyasa ya fita daga jam'iyyarsa ya shiga wata. Abin da ya kamata ɗalibi ya tambaya shi ne: me ke sa mutum ya yi haka, kuma idan ya tafi, ƙuri'un jama'a suna binsa? Bari mu duba labarin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, domin yana ɗauke da amsa.

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnoni biyu, Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Jihar Kano ta wancan lokaci ta haɗa da Jigawa, wadda ba a cire ba sai a 1991. Ba a daɗe ba gwamnonin nan biyu suka fara zama da gwamnoni biyar na UPN da biyu na GNPP, masu kiran kansu 'yan ci-gaba. Shugabannin PRP suka hana su, don suna ganin taron zai kai jam'iyyar hannun Cif Obafemi Awolowo. Gwamnonin suka ƙi ji. A 1980 aka kore su, jam'iyya ta dare gida biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni, Cif Michael Imoudu ne shugabansu. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ɓangaren Malam ne PRP ta gaskiya.

To, a nan ne dalilin sauya sheƙar yake, kuma ku kula da shi sosai.  Rimi yana son zagaye na biyu, amma jam'iyyar da ta kawo shi ta rufe masa ƙofa. Sabuwar jam'iyyar PPP da suka yi ƙoƙarin kafawa, FEDECO ta ƙi yi mata rajista. Sai ya koma NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Idan kun ji ɗan siyasa yana cewa aƙida ce ta fitar da shi, ku fara dubawa ko yana da tabbacin samun tikiti a gidan da ya bari. Sau da yawa amsar tana nan.

Amma Rimi ya yi wani abu da ba kasafai ake yi ba. A 1983 ya sauka daga kujerar gwamna, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya hau. Sharaɗin da ke cikin tsarin mulki game da sauya sheƙa 'yan majalisa ya shafa: ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa zai rasa kujera, sai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Haka yake a sashe na 68 na tsarin mulkin 1999. A 2007 ma Kotun Ƙoli ta yanke cewa Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar bai rasa muƙaminsa ba don ya bar PDP ya koma AC. A ganina saukar Rimi abin yabo ce, ko da mutum bai yarda da sauran siyasarsa ba.

Rimi bai shiga zaɓen hannu rabbana ba. Gwamnatinsa ta soke haraji da jangali, waɗanda talakawa suka daɗe suna kuka da su. Ta kafa hukumar yaƙi da jahilci da jaridar Triumph. Ga shi da baki, ga matasa a bayansa. Duk da haka, a zaɓen Agusta 1983, Sanata Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

Me ya jawo? Na farko, a wurin talakan Kano PRP ba ta rabuwa da Malam, mutumin da suka bi tun zamanin NEPU. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, wata huɗu kafin zaɓe, jama'a na cikin juyayi. Dangwala wa makulli, alamar PRP, ya zama kamar cika alkawari ga mamaci. Na biyu, NPP baƙuwa ce a Kano, ƙarfinta yana Anambra da Imo da Filato. Na uku, takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wadda ta haddasa tarzomar 10 ga Yuli 1981 da aka kashe mai ba shi shawara Dokta Bala Muhammad, ta ɓata shi da mutanen birni da dama. Bakin Zuwo kansa wata uku kawai ya yi, soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ran 31 ga Disamba 1983.

Kada ku ɗauka kullum haka take kasancewa. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya dawo PDP a 2018, ya koma NNPP a 2022. NNPP ba ta da wani ƙarfi a Kano kafin zuwansa, amma a 2023 ta ci kujerar gwamna, shi kuma ya sami ƙuri'a 997,279 a jihar a zaɓen shugaban ƙasa. Magoya bayansa jar hula suka riƙa a matsayin alama, hular kuwa ba mallakar wata jam'iyya ba ce, duk inda ya je da ita yake tafiya. Rimi kuwa makullin yana hannun waɗanda ya bari. Sai dai a ƙasa baki ɗaya Kwankwaso na huɗu ya zo, Kano kaɗai ya ci.