Ba Zuwa Na Ƙarshe Ke Kai Mai Gudu Asibiti Ba

Ranar Lahadi 28 ga Afrilun 2019 aka yi gudun famfalaki na birnin Landan. Eliud Kipchoge na Kenya ya cinye kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da minti 2 da daƙiƙa 37, 'yar ƙasarsu Brigid Kosgei ta lashe ɓangaren mata, kuma mutum sama da dubu 42 suka kai layi. Wannan shi duniya ta gani a talabijin. Abin da ya faru a wutsiyar ayarin kuwa, wanda har yau yake sosa ran duk mai horar da 'yan gudu da ya san ciwon aikinsa, sai bayan kwanaki ya fito. Masu shirya gasar da kansu suka sa masu riƙe wa jama'a lokaci har zuwa na awa 7 da rabi, wato sun faɗa wa masu nauyin ƙafa cewa su zo, akwai wurinsu. Ɗaya daga cikin masu riƙe lokacin, Liz Ayres, ita ta fito ta bayyana yadda aka yi da su. Tun ba a yi nisa ba suka fara tarar da wuraren ba da ruwa an tattare su. Motocin shara suka biyo su a gindi, ana fesa sinadarin goge shuɗin layin da ake ja a kan kwalta, har ya taɓa wasu, wata ma ya ƙona mata ƙafa. Ma'aikatan da aka ɗauka don kwashe kaya suna jifan su da baƙar magana, ana ce musu masu ƙiba, ana ce musu ba su da sauri. Mutanen nan sun yi watanni suna atisaye, da yawansu kuɗi suke tara wa marasa lafiya da gudun, kuma ba su karya dokar kowa ba, suna cikin lokacin da aka ba su. Shugaban gasar, Hugh Brasher, ya fito ya ba da haƙuri, aka yi bincike, aka ba waɗanda abin ya shafa gurbi kyauta a gasa ta gaba, daga baya kuma aka sa wasu mutane na musamman da aikinsu shi ne su taka a bayan na ƙarshe har ya kai.

Idan haka ta faru a gasar da take cikin mafiya tsari a duniya, to wanda ya ce mini yana tsoron ya zo na kutal ba zan ce masa waswasi ne kawai ba. Tsoronsa yana da tushe. Mun shuka shi tun a gasar wasannin makaranta, inda yaron da aka zagaye a tseren mita 1,500 yake ƙarasa zagayensa cikin ihu da dariya, wani lokaci har da malamai a cikin masu dariyar, yanzu kuma ga waya a hannun kowa, kafin ya share gumi bidiyonsa ya kai unguwarsu. Yaron nan ba zai sake rubuta sunansa ba, kuma idan ya girma likita ya ce masa hawan jini ya kama shi sai ya riƙa motsa jiki, wannan ihun zai fara tunawa. Amma abin da nake so a gane shi ne, zuwa na ƙarshe shi kansa bai taɓa kwantar da kowa a gadon asibiti ba. Abubuwan da mutane suke yi don kada su zo na ƙarshe su ne suke kwantar da su.

Na farkonsu, wanda muke gani a kowace gasa ba fashi, shi ne tashi da ƙarfin da ba naka ba. Mutum ya yi atisayensa a minti 7 kowace kilomita, ana harba bindiga sai ya ga jama'a sun yi gaba, ya waiga ya ga bayansa ya fara yin fili, sai ya bi su a minti 5. Kilomita uku na farko daɗi, a ta shida numfashi ya ƙwace, a ta takwas yana tafiya yana riƙe da kwiɓi, kuma mutanen da ya ji kunyar tsayawa tare da su suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. A garin sanyi iyakar asararsa ke nan. A Legas, inda ake yin famfalaki tun 2016 cikin zafi mai gumi, ko a Kaduna da Kano idan rana ta ɗaga, lamarin ya wuce asarar lokaci. Jikin da ake tilasta wa gudun da bai saba ba yana tara zafi fiye da yadda yake iya fitarwa, kuma da zarar zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara tangaɗi yana maganar da ba kai, to ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna cikin haɗari. Abin haushin shi ne a daidai wannan lokaci ake samun wani a gefen hanya, ko ɗan'uwa ko mai kiran kansa koci, yana tafa masa yana cewa ya daure saura kaɗan. Wanda ya fara tangaɗi ba ya buƙatar kirari. A tsayar da shi, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi da ƙanƙara nan take, tun kafin a sa shi a mota.

Na biyu ya fi muni, kuma nan ne 'yan kemis marasa tsoron Allah da kociyoyin bogi suke cin kasuwarsu. Yaro ya je ya ce yana da gasa gobe, ba ya so ya ji kunya, sai a haɗa masa tramadol da diclofenac, a ce ya kora da lemon ƙara kuzari biyu. Wa ya koya musu wannan? Tramadol ba ya ƙara wa huhu ko zuciya komai, ciwo kawai yake rufewa, kuma ciwon nan shi ne saƙon da jiki yake aikowa cewa a sassauta. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, don haka ko lafiya ta tsira, sunan ɗan wasa bai tsira ba. Diclofenac da ibuprofen kuwa, a jikin da ruwa ya yi ƙaranci kuma jini ya koma ga tsokoki, ƙoda suke bugu. Ga kuma masu ɓoye zazzaɓi. Mutum ya kwana biyu da maleriya, ya haɗiyi farasitamol da asuba ya saka lambar ƙirji, saboda ya riga ya faɗa wa abokai zai yi. Da masu AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila, da ba su ma san suna da shi ba, alhali a ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma gudun ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da mai shi. Gudun gara ne ake yi ana faɗawa gidan zago.

Kada ka sha komai don gudu wanda likita bai rubuta maka ba. Idan kana zazzaɓi, babu gasa. Ka san rukunin jininka na sikila kafin ka fara atisaye mai tsanani. Ka tashi da saurin da ka yi atisaye da shi, ko da kowa ya wuce ka. Kuma kada ka sha tramadol, na sake faɗa.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanci na baya, wanda shi ya sa tattare musu ruwa da ma'aikatan lafiya ya zama ganganci. Sun fi kowa daɗewa a rana, wannan a fili yake. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sun fi kowa faɗawa matsalar shan ruwa fiye da kima. Wani bincike da aka yi a kan masu gudun Boston na 2002, aka buga a mujallar likitanci ta New England a 2005, ya auna jinin mutum 488 bayan sun gama, ya sami kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma cikin abubuwan da suka fi alaƙa da hakan akwai wuce awa huɗu a kan hanya da ƙaruwar nauyi a lokacin gudun. Mai tafiya a hankali yana da sukunin tsayawa a kowane tebur ya ɗaga gora, ga kuma masu ba shi shawarar ya sha tun kafin ya ji ƙishi. Alamomin suna kama da na ƙishirwa, ciwon kai da amai da ruɗewa, sai wanda bai sani ba ya ƙara ɗura masa ruwa. Ke nan mutanen da suka fi buƙatar idon ƙwararre su ne ake bari da masu shara.

Za a ce, ai gasa gasa ce, don a ci ake yin ta, kuma idan aka riƙa tafa wa na ƙarshe za a kashe zuciyar neman na ɗaya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a tseren zaɓen wakilai, amma ba ta da wuri a gudun kan titi da aka buɗe wa kowa. A Landan ɗin nan, cikin dubu 42, namiji ɗaya da mace ɗaya ne suka zo na ɗaya a manyan rukunan gudu, sauran duk da agogonsu suke kokawa. Gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, tana da wa'adin awa 12 da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: jami'i ya juya wa masu tahowa baya, lokaci na cika ya harba bindiga. Duk da wannan tsanani, filin a cike yake a mintunan ƙarshe, jama'a suna jiran na baya, kuma hakan bai rage wa zakarun gasar kwarjini ba. Tsarin parkrun, gudun kilomita 5 na kowace Asabar da ya faro a wani lambu a Landan a 2004 da mutum 13, ya warware matsalar da dabara mai sauƙi: ana sa mai aikin sa-kai ya taka a bayan kowa, don haka babu baƙon da zai zo na ƙarshe. Tsauri a kan lokaci abu ne daban, wulaƙanta mutum abu ne daban.

Za a kuma kawo misalin matashiyar nan 'yar Somaliya da ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 21.81 a gasar jami'o'in duniya a Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, a ce to ita ma a tafa mata? Ba a ce a tafa ba. Amma laifin na waɗanda suka tura wadda ba ta da horo ta wakilci ƙasa ne, shi ya sa aka dakatar da shugabar hukumar guje-gujen ƙasar bisa zargin son kai. Waɗanda suka yi ta yaɗa bidiyon tseren suna dariya, yarinyar suka yi wa, kuma kowace budurwa da take tunanin fara gudu ta ga abin da ke jiran wadda ta zo baya.

Sai labarin da kociyoyi suka fi son bayarwa, wanda ni nake ganin ana ba da rabinsa ne. A gasar Olamfik ta birnin Meziko, ranar 20 ga Oktoban 1968, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi wajen kilomita ta 19, ya ji mummunan rauni a gwiwa da kafaɗa, aka ɗaure masa ƙafa ya ci gaba, ya shigo fili fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci. Shi ne na 57, na ƙarshe cikin waɗanda suka gama, daga mutum 75 da suka tashi, kuma ya bayyana cewa ƙasarsa ta turo shi ne ya gama tseren. Labarin yana nuna cewa na ƙarshe yana iya fin na ɗaya shahara, wannan gaskiya ne. Sai dai Akhwari gogaggen ɗan gudu ne, wanda bayan shekara biyu ya zo na biyar a gasar ƙasashe renon Ingila a Edinbara, kuma ranar Olamfik ce, ba gudun Asabar ba. Cikin mutum 18 da ba su gama ba a wannan rana akwai Abebe Bikila, wanda ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964. Ƙafa ta dame shi, ya tsaya. Ba wanda ya isa ya kira Bikila rago. Duk kocin da ya ba yaro ɗan shekara 16 labarin Akhwari don ya sa shi gudu a kan gwiwar da ta kumbura, bai san aikinsa ba, kuma iyaye su raba shi da 'ya'yansu.

Mai shirin shiga gasarsa ta farko, abin da zai rage masa fargaba tambayoyi ne da zai yi kafin ya biya kuɗin rajista: awa nawa aka ba da kafin a buɗe wa motoci hanya, daga harbin bindiga ake ƙirgawa ko daga lokacin da ya taka layin farawa, teburan ruwa za su tsaya har wa'adin ya cika, kuma akwai motar asibiti a bayan na ƙarshe? Ya auna wannan wa'adi da lokacin da yake yi a atisaye, cikin irin zafin da za a yi ranar. Idan akwai rata, ya tsaya a sahun baya tun wurin tashi, don kada turmutsutsun gaba ya ja shi. Idan babu rata, ya nemi kilomita 5 ko 10 tukuna. Masu shirya gasa kuma, a jiha ne ko a makaranta, idan sun rubuta awa uku a takarda to ruwa da jami'an hanya da ma'aikatan lafiya su kai awa uku cif, a fara da sanyin safiya ba a jira babban baƙo ya iso ba, kuma a ware mutum biyu masu riga mai alama su biyo bayan na ƙarshe da waya a hannu. Wanda ya tambaye su waɗannan abubuwa suka kasa ba shi amsa, ya riƙe kuɗinsa.